Zan sayi tsohon jirgin ruwa don kamun salmon a Tafkin Mishigan, ku ba ni shawara kafin in zuba kuɗina

Bazazzage_Milwoki:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda ke zaune a gefen manyan tafkunan nan na Amurka da Kanada. Shekarata shida a Milwoki, a jihar Wiskonsin, bakin Tafkin Mishigan. A Yulin bara wani abokin aikina Bature ya ɗauke ni a jirginsa muka fita kamun kifin salmon. Ƙarfe huɗu na asuba muka bar gaɓa, kafin tara mun kama huɗu. Ɗaya ni na jawo shi da hannuna, kilo takwas da ɗoriya, sai da muka yi minti ashirin muna kokawa, da na sauke sandar hannuna rawa yake. Tun ranar abin ya shiga raina.

Yanzu na ga jirgi na sayarwa a Facebook. Ƙafa 21, jikin faiba, ƙirar 1998, injin ciki mai ƙafar farfela a waje, har da tirelarsa. Mai shi ya ce dala 6,500, ya kuma ce shekara biyu ke nan yana ajiye a bayan gida bai shiga ruwa ba. Niyyata in saya yanzu a Afrilu, in ɗan gyara, in shiga gasar Salmon-A-Rama ta garin Racine a Yuli. Uwargida ta ce hauka ne. Ku me kuka gani?

Bakanike_Ditiroyit:
Wa alaikumus salam. Malam, a duk bayaninka abu ɗaya ne ya tsaya mini: shekara biyu a bayan gida. Ka tambaye shi, wa ya tsiyaye wa injin ruwa kafin hunturun farko? Irin wannan injin da ruwan tafki yake sanyaya kansa. In an bar ruwan a ciki sanyin Janairu ya daskarar da shi, ƙanƙara buɗewa take yi, sai ta tsaga bulok. Ba lallai ka ga tsagar daga waje ba. Ka tada injin ya yi zafi sosai, sannan ka zare ma'aunin baƙin mai. In ka gan shi kamar shayi da madara, ka yi masa sallama ka kama hanya.

Na biyu katakon baya, inda ƙafar injin take ɗaure. Faiba ce a waje amma katako ne a ciki, kuma jirgin 1998 ya isa ya sha ruwa ya ruɓe. Ka bi shi da ƙotar sukudireba kana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya ƙara yake yi tas-tas, ruɓaɓɓe kuwa dum-dum kamar kana buga kabewa. Ka taka kan ƙafar injin ka ɗan yi lilo, in bangon ya motsa magana ta ƙare, gyaransa ya fi kuɗin jirgin.

Na uku akwai wata roba mai lanƙwasa kamar zugazugin maƙera tsakanin ƙafar da jikin jirgi. In ta bushe ta tsage, ta nan ruwa ke shiga har jirgi ya nutse yana ɗaure a tasha. Kuma kada ka biya ko sisi sai an sa shi a ruwa kana ciki. Tada inji da tiyo a ƙofar gida cinikin biri a sama ne.

Maman_Hanif:
Ni dai ina bayan uwargida. Dala 6,500 kifi nawa za ta saya maka a kanti, Baban yara?

Bazazzage_Milwoki:
Maman Hanif, kin haɗa baki da ita ne? Wallahi kalmar da ta faɗa ke nan.

Basarke_Yawuri:
Ku tsaya in gane. Wanga kifi da kuke magana, in ka kama sayarwa kake yi? Mu nan Yawuri in mutum ya sayi jirgi da inji, cikin shekara guda yana son jirgin ya biya kansa, ko da su ko da fito. Kai kuma za ka zuba miliyoyi don ka kama huɗu ka kai gida?

Dan_Gwandu_Shikago:
Baba Basarke, nan haramun ne ma a doka ka sayar da kifin da ka kama da lasin wasa. Kuma akwai iyaka. A ɓangaren Wiskonsin biyar ne kacal a rana ga mutum ɗaya, salmon da danginsa gaba ɗaya, sandar fatsa kuma uku ga kowane mutum. Taru da kalli da mamari babu su a lissafi. Sai ka sayi lasin, ka ƙara da hatimin salmon na manyan tafkuna. Jami'an gandun daji suna tsayawa a mashiga su buɗe kularka su ƙirga.

Basarke_Yawuri:
To wannan ba su ba ne, yawon shan iska ne da ƙugiya. Allah ya ba da sa'a.

Malama_a_Lansing:
Baba ya faɗi gaskiya cikin raha, don da gangan aka mai da shi haka. Salmon ɗin nan ba ɗan asalin tafkin ba ne, daga gaɓar Tekun Fasifik aka kawo shi. Abin da ya faru shi ne, bayan an buɗe mashigin Welland da ya kewaye gangaren ruwan Niyagara, baƙin halittu biyu suka samu hanyar hawowa tafkunan sama. Ɗaya lamfire, mai siffar maciji da baki irin na matsattsaku, yana manne wa manyan kifaye yana shan jininsu. Shi da yawan kamun 'yan kasuwa suka gama da babban kifin asali na tafkin. Ɗayan kuma wani ɗan ƙaramin kifin teku ne, alwaif. Da ya tarar babu mai cinsa sai ya cika tafkin. A 1967 suka riƙa mutuwa tuli-tuli, gaɓar Shikago ta cika da wari, da katafila aka riƙa kwashe su.

Shugaban sashen kifi na jihar Mishigan daga 1964 zuwa 1966, Howard Tanner, shi ya kawo shawarar a zuba salmon ya cinye su, a kuma samu sana'ar kamun nishaɗi. A 1966 aka zuba nau'in koho a Kogin Platte, a 1967 aka biyo da Cinuk, wanda suke kira sarki. Duk jiragen nan da kake gani a bakin Milwoki da gasannin da otal-otal ɗin ƙananan garuruwan gaɓa, daga wannan shawarar suka fito.

Dan_Damagaram:
Ikon Allah. Wato an kawo baƙo ya kori baƙo. Kamar yadda aka zuba giwan ruwa a Tafkin Biktoriya ya cinye ƙananan kifayen wurin.

Malama_a_Lansing:
Da kama da wane. A Biktoriya 'yan gida giwan ruwa ya cinye. A nan wanda ake ci ɗin ma baƙo ne.

Alhaji_Mississauga:
Ƙanena Bazazzage, bari in ba ka labarin kaina, ni da na riga ka faɗawa. Shekara tara ina da jirgi a Tafkin Ontariyo. Kuɗin sayen jirgi shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Wanda ka gani ɗin akwai kayan kamu a kansa? Don salmon a tsakiyar bazara ba a sama yake ba. Ruwa mai sanyi yake so, wajen digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salsiyos, kuma a Yuli da Agusta wannan ruwan yakan kasance ƙafa sittin, tamanin, har ɗari da wani abu a ƙasa. Fatsarka ba za ta kai can da kanta ba jirgi na tafiya. Sai da dawunriga, wato wata 'yar ƙaramar gugar ƙarfe da ake ɗaurawa a gefen jirgi, da wayar ƙarfe da dunƙulen dalma mai kilo biyar ko shida. Za ka maƙala zarenka a jikin dalmar ka sauke ta zurfin da kake so, in kifi ya cafka sai zaren ya ɓalle, sandar ta miƙe, sai kai da shi. Biyu kake buƙata aƙalla. Ga na'urar ganin kifi da zurfi. Ga sanduna shida da kowacce da injin naɗinta. Ga cokula masu ƙyalli, wato 'yan ƙarafan da ake haɗawa da ƙugiya su yaudari kifi, waɗanda na rantse an yi su ne don kama masunci ba kifi ba, don ina da sun fi ɗari biyu kuma guda bakwai nake amfani da su.

Sannan tafiyar jan fatsa tafiyar ƙafa ce, mil biyu zuwa uku a awa. Babban inji ba ya son ya wuni awa shida a silo. Yawancinmu muna ɗaura ƙaramin inji mai doki 9.9 a gefe. Shi ne kuma zai mai da kai gida ranar da babban ya ƙi tashi kana mil takwas daga gaɓa. Ka lissafa duk wannan kafin ka ce 6,500.

Bazazzage_Milwoki:
Alhaji na gode. A hoton akwai dawunriga biyu irin na hannu. Ƙaramin inji babu.

Alhaji_Mississauga:
Na hannu ba laifi, sai dai ka shirya damtse. Ka naɗo dalma kilo shida daga ƙafa ɗari sau talatin a rana, za ka san ka yi aiki.

Bakanike_Ditiroyit:
Na manta ban faɗi maganar mai ba. Fetur ɗin gidan mai na nan yawanci akwai kashi goma na itanol a ciki, shi kuma itanol jan danshi yake. In ya shekara biyu a tanki sai ya rabu, ruwa da itanol su kwanta a ƙasa, daidai inda famfo ke zuƙa. Dole a kwashe tankin nan kaf, a canza matata, a wanke kafireta. Da imfela, 'yar robar nan mai fukafukai da ke tura ruwan sanyaya inji. In ta daɗe a zaune fukafukan sandarewa suke yi, ka tayar su karye su toshe hanyar ruwa, inji ya ɗau zafi. Ba ta da tsada, amma kada ka shiga ruwa da tsohuwa. Ka kuma buɗe man giyar ƙasa ka gani, shi ma in ya yi fari ruwa ya shiga. Boris ɗin tayoyin tirela kuwa a canza kawai, ba sai an duba ba.

Ummu_Sumayya_Toledo:
Duk kuna ta inji babu wanda ya yi maganar rai. Tafkin Mishigan fa ba dam ɗin Tiga ba ne. Zurfinsa ya kai mita 281, in kana tsakiya ba ka ganin gaɓa ta kowane ɓangare. Mijina ya taɓa fita da abokansa a Tafkin Eri da safe ruwa kwance kamar faranti, kafin azahar iska ta juya. Ya ce igiyar ruwan tafki ba irin ta teku ba ce, gajeru ne a jere, kafin jirgi ya sauko daga ɗaya wata ta mare shi. Ya dawo gida bai iya cin abinci ba, tun ranar ko jirgin yawon buɗe ido ba ya shiga.

Malama_a_Lansing:
Haka ne Ummu. Tun farkon lamarin ma an yi rashi. A Satumbar 1967, da koho na farko suka girma suka nufo bakin Kogin Platte, mutane suka yi ta tururuwa da ƙananan kwale-kwalen da ba na babban ruwa ba. An yi gargaɗin iska suka ƙi ji. Guguwa ta taso ta kife jirage da yawa, mutane suka halaka.

Basarke_Yawuri:
Ruwa ko'ina ruwa ne. Mu nan ba mu manta da na Warra ba a 2021, jirgi ɗauke da mutum sama da ɗari ya rabe a tsakiyar Kwara. Yaro, in dai za ka shiga, rigar kariya a jikinka take zama, ba a ƙarƙashin kujera ba. Iya iyo ba ya hana komai, mun binne gwanaye.

Dan_Gwandu_Shikago:
Balle a nan da sanyin ruwa ke kashe mutum kafin gajiya. A Mayu ruwan Mishigan in ka faɗa, cikin 'yan mintoci yatsunka ba za su iya riƙe igiya ba. Ka sayi rediyon ruwa, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji. Waya tana ɗaukewa in ka yi nisa.

Bazazzage_Milwoki:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na ji wannan. To maganar gasar fa? Babu wanda ya taɓa ta.

Kifin_Rijiya_99:
Ni tambayata ma ita ce, gasar nan ba caca ba ce? Kowa ya sayi tikiti, a tara kuɗin, wanda ya kamo mafi girma ya kwashe. Kuma kifi sa'a ce. Meye bambancinta da reful?

Alhaji_Mississauga:
Ba sa'a ce zalla ba. In sa'a ce, me ya sa sunaye ɗaya kake gani a sama kusan kowace shekara? Akwai sanin iska, sanin zafin ruwa, sanin launin cokali da gudun jirgi. Kuma kamfanonin kayan kamu da na jirage suna zuba kyaututtuka, ba kuɗin tikiti kaɗai ba ne.

Almajirin_Malam:
Alhaji, da girmamawa, iyawa ba ita ke fitar da abu daga caca ba. Abin dubawa shi ne daga ina kyautar ta fito. In wani na gefe ne ya sa ta, kamar gwamnati ko kamfani, malamai da yawa ba su ga laifi ba. In kuwa kuɗin masu gasar ne ake haɗawa, kowa tsakanin ya ci ko a cinye nasa, nan ne maganar take, kuma hadisin da ya keɓe tseren raƙumi da doki da harbi sananne ne. Inda aka gauraya biyun kuma sai a tambayi masu gasar yadda suke raba kuɗin, a kai wa malami. Ni ba mai fatawa ba ne.

Kifin_Rijiya_99:
To ai ka faɗi abin da na faɗa ne da Larabci.

Almajirin_Malam:
Ban faɗa ba. Kai ka yanke hukunci, ni na ce a tambaya.

Dan_Kabi_Asali:
Ku zo Argungu ku ga gasa ta gaskiya. Babu inji babu na'ura, gora da homa kawai, a buga bindiga dubban mutane su faɗa Matan Fada. Tun 1934 ake yi, UNESCO ma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Na 2020 giwan ruwan da ya ci kilo 78 ne. Naku salmon ɗin mafi girma kilo nawa ne?

Dan_Gwandu_Shikago:
Mafi girma da aka taɓa kamawa a jihar Mishigan laba 47.86 ne, wajen kilo 22 ba kaɗan. Wani matashi ne ya kamo shi a gaban garin Ludington a Agustan 2021.

Dan_Kabi_Asali:
Kilo 22! A Argungu wannan ko gaban Sarki ba za a kai shi ba, miyar masu kiɗa za a yi da shi.

Alhaji_Mississauga:
Dan Kabi, giwan ruwanku da hannu da koma ake rungumo shi a ruwan da bai fi ƙirji ba a wasu wuraren. Wannan da zare siriri kake riƙe da shi, in ya cafka ya ruga sai ka ji injin naɗi yana kuka, ya kwashe maka zare ƙafa ɗari uku kafin ka ce me. Kowa da irin wahalarsa.

Maman_Hanif:
Ni abin da na sani game da gasar kifi a Amurka shi ne bidiyon nan da aka farke cikin kifi aka ga ƙarafa.

Ummu_Sumayya_Toledo:
A jiharmu aka yi, a Kilibland, ƙarshen Satumbar 2022. Amma ba salmon ba ne, wani kifi ne na Tafkin Eri da ake kira walai. Alƙalin gasar ya ga kifayen sun fi girmansu nauyi, ya sa wuƙa, sai ga dunƙulen dalma har goma da yankan naman wani kifin an cusa don kada dalmar ta yi ƙara. Mutum biyun da suka yi maguɗin kotu ta ba su kwana goma a gidan yari, aka ƙwace jirginsu, aka dakatar da lasinsu. Shi ya sa manyan gasanni ke sa wanda ya ci a na'urar gano ƙarya kafin a ba shi kuɗi.

Dan_Damagaram:
Dan Kabi, ka yi shiru. Ba a Argungu ba ne a 2008 aka karɓe kyautar wanda ya ci, da aka gano kifin ya mutu tun kafin a shiga ruwa?

Dan_Kabi_Asali:
An yi, ban musa ba. Amma mu muka kama shi da kanmu ba tare da na'ura ba.

Bazazzage_Milwoki:
Jama'a kun kai ni Kabi kun baro ni. In shiga gasar ko kada in shiga?

Dan_Gwandu_Shikago:
Yaya, gasanni iri biyu ne. Akwai na ƙwararru, kwana biyu, ƙungiya-ƙungiya, a auna kifayen da kowane jirgi ya kawo a haɗa maki. Wannan ba wurinka ba ne bana, za ka ƙona mai ne kawai. Akwai kuma irin Salmon-A-Rama da ta Kewaunee da gundumar Door, waɗanda ake yi sama da mako guda, ka sayi tikiti, duk ranar da ka samu dama ka fita, in ka kamo babba ka kai ma'auni. Wannan kifi ɗaya ne ke ci, don haka sabon shiga ma yana iya dacewa. Kuma ba sai da jirginka ba. Ka sayi tikiti ka bi abokin aikin nan naka, kai ka sayi mai da abinci. Masu jirgi kullum neman abokin fita suke, don ƙarin mutum ɗaya ƙarin sanda uku ne a ruwa.

Abin da zan ƙara, ka koyi iska. A gaɓarku ta Wiskonsin in iskar yamma ta yi kwana biyu tana kaɗawa, takan tura ruwan ɗumi na sama zuwa tsakiya, mai sanyi ya taso daga ƙasa ya matso gaɓa, kifin ya biyo shi. Irin wannan ranar har daga kan gadar tashar jirage ana kama salmon a tsakiyar bazara. In ta gabas ce kuma sai ka yi nisa ka yi zurfi.

Malama_a_Lansing:
Ni kuma da zan ba da shawara sai in ce a duba lafiyar tafkin kafin a zuba dukiya. A 1988 aka fara ganin wasu ƙananan halittu masu ɓawo, dangin makankari, ba su fi farcen yatsa ba, sun zo cikin ruwan da manyan jiragen dakon kaya ke ɗaukowa daga Turai. Na farko ana ce musu zebra, sai danginsu kwaga suka biyo baya suka shimfiɗe ƙasan tafkin. Aikinsu tace ruwa, suna cinye ƙwayoyin abincin da ƙananan kifaye ke rayuwa a kai. Ruwan ya yi garau, kyau a ido, amma yunwa ce. A Tafkin Huron alwaif ya ƙare wajen 2003 zuwa 2004, Cinuk kuma kusan ba ya cin komai sai alwaif, sai kamun salmon ɗin can ya rushe, masu jiragen haya suka watse. Tsoron haka ne ya sa a 2013 aka rage yawan Cinuk da ake zubawa a Tafkin Mishigan da kusan rabi.

Alhaji_Mississauga:
Malama, tun da na sayi jirgi nake jin za a ƙare, ga shi har yau muna kamawa. Kuma rage zubawar ai shi ya sa waɗanda suka rage suka samu abinci suka yi ƙiba. Babban na Ludington bayan ragin aka kama shi. Yanzu ma da yawansu a koguna suke haihuwa da kansu. Ka duba bayan kifi kusa da wutsiya, akwai wani ɗan ƙaramin fiffike mai tsoka. In an yanke shi, ɗan gidan ƙyanƙyasa ne. In yana nan, galibi haifaffen daji ne.

Malama_a_Lansing:
Wannan ɗin ne ma abin damuwar, Alhaji. Na gidan ƙyanƙyasa hukuma na iya rage shi. Na daji wa zai hana shi haihuwa in abinci ya yi kaɗan?

Maman_Hanif:
Tambaya ta mata: ana cin sa kuwa lafiya? Na ji an ce akwai guba.

Ummu_Sumayya_Toledo:
Ana ci, amma da ƙa'ida. Akwai ragowar sinadaran masana'antu na da a tafkunan, suna taruwa a kitsen manyan kifaye. Kowace jiha tana fitar da takardar shawara kan sau nawa za a ci, mai ciki da ƙananan yara su fi kiyayewa. Ki cire fata, ki yanke kitsen ciki da baƙin naman gefe, ki gasa yadda man zai ɗige. Kada ki soya ki mai da man cikin miya irin yadda muke yi da tarwaɗa. Ƙananan koho na farkon bazara sun fi daɗi ma a bakina.

Basarke_Yawuri:
A cire kitse a zubar? To mi ya rage a kifin? Ku yi banda mana.

Alhaji_Mississauga:
Muna yi Baba. Ina jiƙa shi a ruwan gishiri da sukari ya kwana, in shanya ya sha iska, in sa masa yajin ƙuli kaɗan, sannan hayaƙi awa biyar. Maƙwabcina ɗan Fotugal har ƙwanƙwasa ƙofa yake. Amma na bazara ake yi wa haka. Na kaka da suka shigo kogi don yin ƙwai, sun daina cin abinci, sun yi baƙi, naman ya saki, bayan ƙwan ma mutuwa suke yi gaba ɗaya. Ka je bakin kogi a Oktoba hancinka zai gaya maka.

Sabon_Ango_Gary:
Ni dai kuskurena zan faɗa ko wani ya amfana. Fitata ta farko da jirgina, na ja tirela tun ƙarfe uku, na yi sallar asuba a filin ajiye motoci a kan kwali, ga layin motoci a bayana kowa na jira. Cikin sauri na tura jirgi ruwa na je ajiye mota. Ina dawowa na ga bayansa ya yi ƙasa, kular abinci tana yawo a ciki. Toshiyar ramin tsiyaye ruwa na manta, tana cikin aljihun wandona. Famfon kwashe ruwa kuma batir ya mutu tun hunturu don ban cire shi na kai ɗaki ba. Wani tsoho ne ya shiga ruwa har gwiwa ya taya ni muka mai da shi kan tirela, bai ce mini komai ba sai da muka gama, sannan ya ce shi tasa a jikin makullin mota yake ɗaure ta. Yanzu ni ma can take.

Bakanike_Ditiroyit:
Ango, babu mai jirgin da bai yi wannan ba, sai wanda bai faɗa ba. Bazazzage, ka kuma tuna duk Oktoba akwai aikin rufe shi: tsiyaye bulok, zuba ruwan hana daskarewa mai ruwan hoda, maganin ajiye fetur, canza mai, cire batir, rufe shi da leda. Ina za ka ajiye shi wata shida? In gidan haya kake, ka tambayi mai gida tukuna. Da ni ne, jirgin alminiyom mai injin rataye zan nema. Shi in ka sauke ƙafarsa tsaye ruwan da kansa yake zubewa, babu zugazugi, babu bulok ɗin da zai fashe.

Alhaji_Mississauga:
Alminiyom a babban ruwa? Zai yi ta buga shi kamar gwangwani. Faiba ta fi nauyi, ta fi kwanciya a igiyar ruwa. In injin nan ya ci jarrabawa ni ban ga laifin jirgin ba.

Bakanike_Ditiroyit:
In ya ci. Shekara ashirin ina buɗe irinsu, Alhaji.

Bazazzage_Milwoki:
Na kira mai jirgin yanzu. Na tambaye shi maganar tsiyaye ruwa, ya ce yana jin ɗansa ya yi. Na ce a sa shi a ruwa ranar Asabar, ya ce rajistar tirelar ta ƙare, amma zai rage mini ɗari biyar in na ɗauka yadda yake. Ya ce akwai wani mai zuwa gani gobe.

Dan_Damagaram:
Kullum akwai wani mai zuwa gobe. Har a kasuwar raƙuma haka suke cewa.

Bakanike_Ditiroyit:
Wiskonsin ba ta ma tilasta rajistar ƙaramar tirela irin wannan ba in ba ta kai nauyi ba, ka duba ka gani. Ka ce masa kai za ka ja da motarka, kai za ka biya kuɗin mashiga. Ka ji amsar da zai ba ka.

Maman_Hanif:
A gaida mana uwargida.

Bazazzage_Milwoki:
Tana karantawa a bayana tun ɗazu. Na tura masa saƙon, ya gani bai amsa ba tukuna. Dan Gwandu, tikitin gasar a intanet ake saya ko sai na je Racine? Almajiri, in na samu bayanin yadda suke raba kuɗin zan turo maka.

Basarke_Yawuri:
In ka fasa, turo rabin kuɗin nan Yawuri. In sa a sassaƙa maka jirgi sabo fil, a rubuta sunanka a gefe, duk wata in aiko maka da hoton kifin da ya kamo.